Amsa Mai Rauni

Agiye, Litinin, cikin bazara

Aikin farko yau: ban ruwa ga dashen mangwaro kafin rana ta ɗaga.

Zuwa ga Hafiza, baiwar gidanmu da ke Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da zafin birni. Kada ki damu da layin da ke sama, hannuna ya saba fara kowace takarda da aikin safe, kamar yadda nake yi a kayena na kullum.

Mu nan lafiya lau. Matata Binta ta yi fama da haƙori, an cire shi a gidan likita, yanzu ta koma yi mini faɗa, wato ta warke. Yara suna lakol, wato makaranta. Lambun dashe yana nan, zogale ya yi kyau, gawo yana nawa. Kunnena yana yadda sanƙarau ya bar shi: na dama ya mutu, na hagu ba ya jin komai sai tsawa da kukan jaki. Shi ya sa nake sake roƙonki, kada ki aiko mini da murya ta salula. Sai na ba Binta ta saurara, ita kuwa ba ta faɗin magana ba gishiri. Ki rubuta da hannunki, ki ɗauki hoton takardar ki turo, yadda muka saba.

Ranar Juma'a na je Gazawa na gai da mahaifiyarki, Goggo Jummai. Ƙafarta ta yi sauƙi. Ta kama kunnena na hagu ta ce, da ƙarfin da har maƙwabta suka ji, "Wai lissafin nan na Hafiza ba shi ƙarewa? Ko an ba ta yashin Gazawa ta ƙirga?" Ta ce a salula ba ki faɗa mata komai sai "lafiya lau", ita kuma ba ta yarda da maganar da iska ke kawowa. Abin da aka sa a takarda, shi take riƙewa.

Don haka ki gaya mini, mene ne ainihin abin da kike nema, kuma yaushe za a gama. Ki yi shi da Hausa, sannu-sannu. Kin san a ajin farko na lise, babbar sakandare, na tsaya.

Taubashinki, kuma ubangidanki ko kin ƙi ko kin so,
Isma'ila Sabo

Yamai, Alhamis

Yaya Isma'ila, ubangidan da bai taɓa ciyar da baiwarsa ko zogale ba.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai ciwon kai da ke zuwa yana tafiya. Ka gai da Yaya Binta, ka ce na yi mata jajen haƙori, kai kuma na yi maka jajen warkewarta.

Ka ce in faɗi abin da nake nema. Shekara uku ke nan ina bin wata tambaya ta lissafi a kan abubuwa masu tafiya, ruwa ko motoci ko garke, a wurin da abu ya katse farat ɗaya. Tun farko malamina ya zaunar da ni ya ce in cire rai da irin amsar da aka saba, ba zan same ta ba ko zan tsufa a kai. Iyakar abin da zan iya kaiwa gaban malamai shi ne abin da suke kira solution faible.

A makon nan ya gama duba aikin. Ya miƙo mini shi ya ce, to, faible ɗin dai ta tabbata, kuma ita kaɗai ce, babu wata. Na fito daga buronsa na zauna a gindin bishiyar bedi na yi ta kuka kamar yarinya. Ban san na gaji haka ba. A watan Yuli za a tara malamai in tsaya a gabansu, daga nan sai gida.

An ɗauke wuta, salula na gab da mutuwa. Sauran bayani sai wata wasiƙar. Ka ce wa Inna ta ajiye mini kuka da daddawa.

Hafiza, wadda ba baiwar kowa ba ce

Agiye, Talata

Aikin farko yau: cika ledojin dashe da ƙasa da taki.

Hafiza ƙanwata,

Ina fatan ciwon kai ya sake ki. Mu nan ƙalau.

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Faransancina ya zube da yawa, amma wannan kalma ban manta ta ba. Shekarar da ciwo ya kama ni a Maradi, bayan na tashi na koma aji, gaba nake zama ina kallon bakin mushe, malamin lissafi, yana motsi. Ƙarshen shekara ya rubuta mini ita a takardar sakamako da jan biro: faible. Mai rauni. Na hau taksi na taho Agiye da ita a aljihu. Abin da ya fi yi mini ciwo ba kalmar ba ce. A gida ba wanda ya sani, sai da na tsaya a zaure na faɗa da bakina, kuma saboda ba na jin muryata sai na faɗe ta da ƙarfi, duk masu zaman ƙofar gida suka ji.

Na yi niyya ke ba za ki yi irin wannan tsayuwa ba. Jiya na je Gazawa. Na zaunar da Goggo na gaya mata a hankali cewa aikin bai ba da abin da aka so ba, malami ya ce mai rauni ne, za ki je gaban malamai a Yuli don a rufe maganar, sannan ki dawo. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Can ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta shiga share ɗakinki.

Na kuma yi magana da shugaban wata kwalej a nan, suna neman mai koyar da lissafi in an koma lakol. Ban yi masa alkawari ba, na dai ce akwai wata.

Ba abin kunya ba ne, Hafiza. Kin kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa a danginmu. Ki ci abinci. Idan na yi azarɓaɓi ki gaya mini, amma ina ganin wannan karon na yi daidai.

Yayanki,
Isma'ila

Yamai, Laraba

Yaya Isma'ila,

Lafiyata lau.

Inna ta kira ni tana lallashi. Na ce mata ban faɗi ba, ta ce in bar ƙarfin hali, Isma'ila ya gani a takarda. Bayanta matan unguwarmu suka yi ta kira suna yi mini jaje, har da wadda ban taɓa ba lambata ba.

Ban faɗi ba. Wa ya aike ka?

Kada ka sake kai maganata ko'ina.

Hafiza

Agiye, Asabar, an yi ruwan farko

Aikin farko yau: gyara shingen da awaki suka keta.

Hafiza,

Ina gaishe ki. Ban san yadda kike ba, don haka ina fata kawai. Mu nan lafiya. An yi ruwa, mutane sun fita shuka, wasu kuma sun ce a jira na biyu.

Wata ya mutu wani ya kama ban ji daga gare ki ba. Na turo gaisuwa, na ga alamar an buɗe, amsa ba ta zo ba. Ban zarge ki ba.

Na je wurin mushen da ke koyar da manyan azuzuwa a nan, na rubuta masa kalmomin nan biyu a tafin hannuna. Ya yi dariya, ya rubuta mini cewa ya taɓa jin su a jami'a, sunan wani irin lissafi ne na manya, ba zagi ba ne, amma shi ba zai iya bayyana mini ba. Na dawo lambu na zauna a kan bokiti. Ashe tun farko abin da ya kamata in yi ke nan, ko kuma in jira sauran bayanin da kika ce yana tafe. Na ga kalmar da na sani, sai na ɗauka tawa ce.

Ban koma wurin Goggo na gyara ba, saboda kin ce kada in sake kai maganarki ko'ina, ni kuma yanzu ban amince da fahimtata ba. Ina tsoron in je da gyara ya zama wata ɓarnar. Sai dai ya kamata ki sani, labarin bai tsaya ba. Ya kai Gidan Rumji. Baba Bakari, ƙanen mahaifina, kawunki, ya aiko direba da saƙo: a ce wa Hafiza ta zo wurinsa ta huta, akwai nono, kuma karatu ba shi ne Aljanna ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki, ba ki tsokane ni ba. Na duba sama da ƙasa, babu ubangidan ƙarya, babu zancen zogale. Taubashin da ya daina zagin taubashi, ai magana ta lalace.

Zan faɗa miki wani abu, sannan in bar ki. A gida da kasuwa da masallaci, rabin hirata "me ka ce?" ne, har mutane su gaji su ce ba komai. Ke kaɗai ce nake hira da ke ba tare da na ce haka ba. Idan kin rufe wannan ƙofar, hakkinki ne. Ina dai so ki san girman abin da zan rasa.

Isma'ila

Yamai, Lahadi

Zuwa ga ubangidan ƙarya, sarkin masu kai labari, mai zogalen da ba a ci.

Ga zagin, ka samu natsuwa. Ina lafiya, kan ya daina ciwo. Ka gai da Yaya Binta da yara.

Na yi fushi da kai, amma ba kai kaɗai ka jawo shirun ba. Shekara uku ina kwana ina tashi da tsoron cewa ban isa ba. Rana ɗaya aka ce mini na isa, kafin in gama jin daɗi sai ga uwata tana lallashina a kan faɗuwa, muryarta cike da tausayi, kamar dama ta san haka za a yi. Na daɗe ban iya buɗe aikin ba. Ina ta cewa ko su ne suka gane gaskiya.

Shekaranjiya na nemo hoton wasiƙata na karanta kamar ni ce kai. Yaya, ni ma sai da na tausaya wa yarinyar. An ce ta cire rai, an ce faible, ta yi kuka a gindin bedi, ta ce sai gida. Rabin laifin nawa ne. Rabi kawai, kada ka yi murna.

Ga sauran bayanin da na yi alkawari.

Ka tuna Cadawa ranar kasuwa. Motoci na tahowa daga Agiye a guje, a cikin gari kuwa amalanke da jakuna da masu jan awaki sun cika hanya. Lissafin da aka fara koya maka a lise yana son komai ya sauya sannu-sannu, kamar matsawar inuwa. In ka ba shi hanyar Cadawa, zai bi kowace mota da gudunta har ya kai ga cewa ta baya ta shige cikin amalanken gaba, wuri ɗaya yana da gudu biyu, mai sauri da mai nawa. A nan yake tsayawa, ba shi da ta cewa. Hanya kuwa ba ta tsaya ba. Ka sha gani daga cikin taksi: layi yana da wutsiya, gabanta cunkoso, bayanta fili, babu tsaka-tsaki. Kuma wutsiyar kanta tana tafiya, tana ja da baya wajen Agiye muddin motoci na ƙaruwa.

Sai masana suka sassauta tambayar. Maimakon a ce dole lissafi ya zauna daidai a kan kowane taku na hanya, har da kan wutsiya inda ba zai yiwu ba, sai a ɗauki hanyar yanki-yanki. Abin da ya shiga yanki, in an cire abin da ya fita, dole ya zama abin da ya ƙaru a ciki. Mota ba ta ɓacewa, ba ta kuma faɗowa daga sama. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka saurin da wutsiyar ke tafiya. Sharaɗin ne aka sassauta, shi ya sa suka ce wa amsar mai rauni. Wanda ya raɗa mata sunan bai taɓa karɓar takardar sakamako mai jan biro ba.

Sai dai in ka sassauta ƙofa, baƙi na shigowa. Amsoshi da yawa kan cika wannan sharaɗi, har da waɗanda ba a taɓa gani a duniya ba. Misali, jandarma ya tsayar da motoci da igiya, layi ya taru. Ya sauke igiyar, gaba fili fetal, amma layin ya ci gaba da tsayuwa har abada. Ba motar da ta ɓace, ba wadda ta ƙaru, don haka lissafin ya yarda. Wane direban Agiye ne zai yarda? Na gaba ya tashi, na bayansa ya bi, layin ya warware kaɗan-kaɗan. Dole a ƙara wani sharaɗi da zai kori amsoshin ƙarya ya bar ta gaskiya.

Nawa aikin a kan wurin da hanyar kanta ta sauya farat ɗaya ne, kamar inda kwalta ta ƙare aka faɗa yashi. Na nuna cewa a nan ma amsa tana nan, kuma guda ɗaya ce. Wannan "ita kaɗai ce, babu wata" da malamina ya faɗa, ita nake nema tun da na zo garin nan. Kukan daɗi na yi, kurman banza.

Kai kuma ka zama layin can. Na ce kada ka kai maganata ko'ina, ban ce kada ka kwaso wadda ka zubar ba. Igiya ta sauka, ka tashi. Inna ba za ta yarda da ni ba, sai ta ga takarda a hannunka.

Abu na ƙarshe. Ranar da zan tsaya gaban malamai, wadda ake kira sutnans, ana barin dangi su shiga. Ina so ka zo. Na san ba za ka ji komai ba, amma yawancin masu kunnen ma ba za su gane ba, kun zama ɗaya. Zan yi ta rubutu a allo, ka zauna gaba. Kalmar nan tana cikin sunan aikin, da manyan baƙaƙe. Ina so ka gan ta a wurin da ba ta cizo.

Hafiza, 'ya mai 'yanci

Agiye, Laraba

Aikin farko yau: raba dashen gawo ga mutanen da suka yi alkawarin zuwa, in sun zo.

Baiwar gidanmu,

Alhamdu lillahi. Mu nan lafiya, gero ya fito, Binta na gaishe ki ta ce ita tun farko ta san ba ki faɗi ba. Ba ta gaya mini haka ba a lokacin.

Jiya na je Gazawa da hoton wasiƙarki. Na fara yi wa Goggo bayanin Cadawa, ban kai ga jandarma ba ta kama kunnena.

"Kai, bar ni da amalanke. Ta ci ko ba ta ci ba?"

Na ce ba a yi zaman ba tukuna, amma malaminta ya yarda, kuma kukan daɗi ta yi.

"To wace takardar zan riƙe, ta wancan watan ko ta yau?"

Na ce takardar farko ma daidai take, mai karatun ne ya karkace.

Ta ɗauki mahuci ta maka mini a ka. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ɗakin da na share hwa?" Na ce ai za ki zo ki kwana a ciki. Na kuma tuna mata cewa ita kaɗai na gaya wa, ban je gidan kowa ba. Ta ce, "Ni na kai, kai za ka kwaso." Ta sa ni gaba muka bi unguwa gida-gida, tana tsayar da ni a tsakar gida kamar ɗan lakol tana cewa, "Faɗa musu." Na faɗa, da ƙarfi, yadda na saba. Wannan karon ban damu da wa ya ji ba.

Saura Gidan Rumji. Labarin farko ya je can a kan moto, na biyu yana tafiya a ƙasa. Wani ɗan Gazawa ya tsegunta wa Baba Bakari a kasuwa, sai ya aiko direban nan da sabon saƙo: "Ka ce ma yaron ga labari biyu gare ni wuri guda, ta faɗi kuma ta ci, ban san wanda za ni riƙe ba." Na yi dariya ni kaɗai a lambu. In na fahimce ki daidai, irin wurin da lissafin lise ke tsayawa ke nan, kuma sai an kori amsar ƙarya. Mai yiwuwa ban fahimta ba. In na karkace ki gyara mini kafin in kai wa wani.

Akwai abin da ban gane ba, ki amsa in kin samu sarari. Wutsiyar layi ba mota ba ce, ba amalanke ba ce, yanzu tana kan wannan motar, an jima tana kan wata. To mene ne ke tafiya?

Maganar zuwa Yamai, ban yanke ba. Rabona da zama a gaban allo ina kallon baki yana motsi, tun Maradi. Jiya a taksi na yi ta tunanin ɗakin. Ga damina, ga dashe ba mai kula. Ki bar ni in yi shawara da kaina. Kada ki sa rai sosai.

Wuri ya rage a takardar, bari in sa ayyukan gobe a nan don kada in ɓata wata.

Taksin farko zuwa Gidan Rumji, wurin Baba Bakari.

In nemi kujerar gefen taga. Gobe kasuwar Cadawa, in duba wutsiya.

Shugaban kwalej: in gaya masa waccan ɗin ba za ta samu zuwa ba.

Shingen awaki, ɓangaren gabas bai ƙare ba.

In nuna wa Binta yawan ruwan da mangwaro ke sha, da wanda gawo ba ya so.

Kuka da daddawa daga wurin Goggo, a ɗaure su yadda ba za su yi wari a mota ba.

Tela: a rage hannun farar riga, a gama kafin Yuli.

Isma'ila